Cocin Ƙasa na Wusasa: Tarihinsa da Tsarin Gininsa

Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, wurin da aka yarda a kafa coci a ƙasar Hausa, da mutanen da aka gina shi dominsu, su ne suka yanke irin kamannin da ginin ya ɗauka.

A shekarar 1900 ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Bayan zuwan Turawa ma, Gwamnatin mulkin mallaka ba ta sakar wa mishan mara ba a biranen sarakuna. Saboda haka cocin Katolika a Kano ya tsaya a Sabon Gari, inda yawancin masu ibada baƙi ne daga Kudu, gininsu kuwa na siminti da kwano. Sai a 1999 Kano ta zama cikakkiyar dayosis.

A Zazzau al'amarin ya sha bamban. Likita Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, mabiyansa kuwa Hausawa da Fulani ne. Da mishan ta koma Wusasa a 1929, sai aka gina cocin St. Bartholomew na ɗarikar Angilika da ƙasa, yadda magina na gargajiya suka saba.

Matsalar da magini ke fuskanta a nan ita ce faɗi. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida, alhali jama'a na bukatar fili. Maganin shi ne bakan gizo: a kafa azara cikin bango daga ɓangarori biyu, a riƙa ɗaura wata bisa wata tana ɗan rusunawa, har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Wannan dabara ce Babban Gwani Mika'ilu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A ganina, duk wanda ya san soro a ƙasar Rano ko Kibiya ba zai ji baƙunci a cikin wannan coci ba.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi. In ba a sabunta yaɓe ba, ba a gyara indararo kafin damina ba, ruwa zai shiga rufi ya ci azara, magina masu sanin ɗaurin baka kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai.