Baƙin Tabon Dankali: Cutar da Ke Kwana a Cikin Ƙasa

Sau da yawa akan ga wasu baƙaƙen ɗigo manne a jikin dankalin Turawa, kamar busasshen laka, a wanke su ƙi fita. Wannan ba datti ba ne. Curin wata funfuna ce mai suna Rhizoctonia solani, wadda masanin Jamus Julius Kühn ya bayyana a 1858. Ya kamata manoman rani na Yargoje da sauran fadamun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa su san ta, domin ban da dankali takan kashe tumatir tun yana ɗan tsiro a wurin reno.

Funfunar ba ta da koren ganye, saboda haka ba ta iya haɗa abincinta. A jikin ruɓaɓɓen tsiro take rayuwa, tana miƙa zaruruwa sirara waɗanda, in an duba su da maikuroskof, sukan yi rassa a kusurwa mai kusan digiri 90. Waɗancan baƙaƙen ɗigon kuwa rumbunta ne, inda take laɓewa har shekaru, tana jiran shuka.

Da zarar an binne iri mai tabo a ƙasa mai sanyi da laima, sai ta farka ta ci tohon kafin ya fito. Wanda ya tsira sai gindinsa ya yi miki ruwan ƙasa. Mikin yakan tare hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, don haka wani lokaci akan ga 'ya'yan dankali ƙanana, koraye, sun fito a jikin kara. Ga shi kuwa sanyin hunturu da dankali ke so shi ne ke jinkirta tsiro, ya ba cutar dama.

To, ina mafita? A tantance iri tun a kasuwa, ko da daga Filato ya zo, inda ake noma mafi yawan dankalin Nijeriya. Kada a zurfafa shuka, kada a cika ban ruwa, kuma a tone da wuri in ganye ya bushe. A riƙa hutar da gonar da masara ko dawa kamar shekara 3. Game da maganin wanke iri, a tuntuɓi malaman gona ko tashar binciken dankali ta Kuru, kusa da Jos.

Malamai na iya kawo dankali mai tabo cikin aji, ɗalibai su gani da idonsu. Yaron da ya gane tabon nan ya ceci gonar mahaifinsa tun ba a yi shuka ba.