Basasar Salaga: Abin Da Kakanni Suka Bar Mana

Duk wanda ya tashi a zango, ko a Kumasi, ko Yeji, ko Kete-Karaci, ko Ankara, da wuya a ce bai taɓa jin wata tsohuwa ta ce "mu asalinmu Salaga" ba. In ka tambaye ta me ya fitar da su, amsa ɗaya ce: yaƙi. Daga nan sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Ga yadda abin ya faru. Salaga ita ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Fatake daga Kano da Katsina da Barno sukan zo da jakuna, su sauke kanwa da tufafi, su ɗauki goron Asante. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya daina zuwa kamar da, kasuwa ta fara ja baya. Ana cikin haka, a 1892, rikici ya tashi a kan sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke mulkin Salaga. Gidaje uku ke karɓa-karɓar wannan sarauta: Lepo da Singbung da Kanyase. Kabachewura Isifa na gidan Kanyase ya samo gudunmawar Dagwamba da Nanumba, ya kori Kpembewura Napo. Aka washe gari, 'yan kasuwa suka watse.

Mun saba cewa kakanninmu baƙi ne, ba ruwansu, gudu kawai suka yi. Amma in aka zauna da tsofaffi, labari yakan canja. A wani gida za a nuna maka takobi a ƙarƙashin gado, a ce mai shi ya bi uban ɗakinsa fagen fama bai dawo ba. A wani gidan kuma laya ce ta fata, wadda malamin gidan ya rubuta wa mayaƙa. Akwai kuma abin da ba a son faɗi: Salaga kasuwar bayi ce, kuma wasunmu jikokin waɗanda aka sayar ne, wasunmu jikokin waɗanda suka sayar. Yau duk mun yi auratayya, sahu ɗaya muke bi a masallaci.

Malamai ba su yi sake ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Karaci inda ya rasu a 1934, ya yi waƙa a kan wannan fitina. A 1967 kuma J. A. Braimah da Jack Goody suka fitar da littafi a kanta da Turanci. Sai dai littattafai labarin sarakuna suka fi riƙewa. Sunan ɗan ayarin da ya faɗi a hanyar Yeji, ko matar da ta goya jariri ta haye ruwan Volta, bakin tsofaffi kaɗai ke ɗauke da shi.

Ba don a ta da tsohon miki muke wannan magana ba. Faɗan 1994, wanda ya taɓa yankin Salaga, ya isa ya nuna mana cewa wuta ba ta tambayar wane ne baƙo. Don haka jama'a, wanda ke da tsoho a gida ya zauna da shi tun yana da ƙarfin magana. A rubuta da boko ko ajami, a ajiye wa yara, har da ɓangaren da ba ya yi mana daɗi.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya, amin.