Me ya sa ƙullutun sankarar mama yake da tauri?

A Vimtim, kamar sauran ƙauyukan Mubi ta Arewa, mace kan ji ƙullutu a nononta ta yi shiru, tunda ba ya zafi. Abin da ya kamata ta lura da shi ba zafin ba ne, taurin ne.

Ƙwayoyin halittar jikinmu ba a sake suke ba. Suna zaune ne cikin wata saƙa ta furotin da ke riƙe su, kamar yadda ramno ke riƙe ƙasar gini. Babba a cikin zaren wannan saƙa shi ne kolajin, wanda ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na furotin ɗin jiki. Uwargida ma ta san shi: shi ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce.

Idan kansa ta kama, sai ta sa maƙwabtan ƙwayoyi su riƙa zuba kolajin fiye da kima, zaren ya ɗaure tamau. Taurin da yatsa ke ji ke nan. Zaren kan janyo fata ta lotsa, ko kan nono ya shige ciki. Kuma taurin kansa yana ingiza ƙwayoyin cutar su ƙara hayayyafa. Daga baya sai su fitar da sinadaran da ke yanka saƙar, su bi zaren kamar turba, su faɗa hanyoyin jini da na kaluluwa. Nan ne ake jin kumburi a hammata.

Tun 1889 wani likita a Ingila, Stephen Paget, ya kwatanta kansa da iri, gaɓoɓin jiki kuma da ƙasar shuka. Manomin gyaɗa ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 1997 masu bincike ƙarƙashin Mina Bissell a Amurka suka toshe hanyar da ƙwayoyin sankarar mama ke manne wa saƙar, sai ƙwayoyin suka koma girma kamar lafiyayyu. A ɗakin gwaji ne fa, ba a jikin mutum ba.

Ba kowane ƙullutu ne kansa ba, yawancinsu ma ba ita ba ce, amma yatsa ba ya iya rabewa. Mai tauri, wanda ba ya motsi a ƙarƙashin fata, a kai shi asibiti a Mubi cikin makon nan. Kada a tsaga, kada a yi ta murzawa da man zafi. Idan an tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, ɗan tsoka za su ɗiba su duba a madubin likita.