AN YI MASA ALLURA, YA KUMA KAMU: BAYANI A KAN SHEKARAR OMIKIRON

 Akwai wata mas'ala wadda ta shige wa jama'a duhu a ƙarshen shekarar 2021, aka yi ta muhawara a kanta a zaurukan karatu da rumfunan kasuwa, tun daga Kantin Kwari har Zangon Kumasi, har yau kuwa ba a rasa mai ɗauko ta. Mas'alar ita ce: mutum ya miƙa damtsensa an yi masa allurar rigakafin Korona, ya koma an yi masa ta biyu, an ba shi kati ya adana, sa'an nan bayan 'yan watanni sai ga shi kwance da zazzaɓi da tari da ciwon maƙogwaro, aka auna aka ce Korona ce. Sai mutane suka ce, to, ina amfanin allurar?

Wannan tambaya ce mai nauyi, ba ta cancanci a kore ta da tsawa ba. Gama annoba ba ta yi wa duniya ban kwana ba. Wata rana wata za ta zo, a sake cewa a miƙo hannu, kuma abin da mutum ya fahimta a wannan karo shi zai sa ya kai tsohuwarsa wurin likita, ko ya hana ta.

MAFARIN AL'AMARI

An fara jin labarin cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin watan Disamba na 2019. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko mai ɗauke da ita a Ikko. Cikin Afrilu na wannan shekara mutanen Kano suka ga abin da ba su manta ba, makabartu suka cika da dattawa, aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a. Aikin Hajji na 1441 da na 1442 babu alhajin da ya tafi daga waje, sai mazauna ƙasar Saudiyya kaɗai. Tun shekarar Marisuwa ta 1918 duniya ba ta ga irin wannan ba.

Ran 2 ga Maris, 2021, allura ta iso Abuja, ɗauri na farko kusan miliyan huɗu, ta kamfanin AstraZeneca. Jama'a da dama suka ɗauka ita ma kamar lambar agana ce, wadda dattawanmu ke ɗauke da tabonta a damtse, a yi wa mutum ya rabu da cuta. Ba su yi laifi ba da suka zaci haka, don lamba ta cika alkawarinta: tun 1980 aka tabbatar agana ta ƙare a duniya duka. Amma ƙwayar agana ba ta cika sauya kama ba. Ita kuwa wannan, sauya kama ita ce sana'arta.

KUSKUREN MAI KWAFI

Malamai sun fi kowa sanin abin da ke samun littafi in ya daɗe yana yawo a hannun marubuta. Wannan ya kwafa daga wancan, almajiri ya kwafa daga malaminsa. Wata rana ɗigo ya faɗi, ko ya hau sama maimakon ƙasa, ba ta koma nun, nun ta koma ta. Bayan ƙarni guda sai ka iske kofi biyu na littafi ɗaya sun saɓa a wurare da yawa.

To, haka ƙwayar Korona ta ke. A cikinta akwai wani rubutu mai haruffa kimanin 30,000, da baƙaƙe iri huɗu kacal, wanda shi ne bayanin yadda za a gina ta. In ta shiga jikin mutum sai ta tilasta wa jikin ya yi ta kwafin wannan rubutu, kofi dubu dubbai. Cikin yawan kwafi ba a rasa kuskure. Mafi yawan kuskuren ba ya ƙara mata kome, wani ma halaka ta ya ke yi. Amma jefi-jefi a kan sami kuskuren da ya dace da ita, ya ƙara mata saurin yaɗuwa, ko ya ɓad da kamanninta. Sai wannan kofi ya rinjayi sauran, ya zama sabon iri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa wa waɗannan ire-ire sunaye da haruffan Yunanawa: Alfa, Beta, Gamma, Delta. Mai sanin abajada zai ji kamar ya san su, gama 'yan'uwan alif da ba da jim da dal ne, asalinsu ɗaya tun zamanin Finikiyawa. Delta an fara ganinta a Hindu, ta yi ɓarna mai tsanani a can cikin Afrilu da Mayu na 2021. Ran 24 ga Nuwamba, 2021, watau cikin Rabi'us Sani na 1443, masanan Afirka ta Kudu suka ba da labarin wani sabon iri wanda su da na Botswana suka gano. Bayan kwana biyu aka sa masa suna Omikiron, harafin da asalinsa ɗaya da ainun. A kan ƙayar da ƙwayar ke maƙale wa jiki da ita kaɗai, an ƙidaya canji fiye da 30. Ita kuwa wannan ƙaya, ita ce ainihin abin da allura ta koya wa jiki ya gane.

MASU TSARON ƘOFA DA MASU TSARON CIKIN GARI

Allurar rigakafi ba ganuwa ba ce. Ta fi kama da manzon da ya zo wa sarki da siffar ɓarawo tun bai iso ba: ga rawaninsa, ga rigarsa, ga irin tafiyarsa. Jikin ɗan Adam yana da rundunoni biyu masu karɓar wannan labari. Ta farko masu tsaron ƙofa, su ne ke yawo cikin jini, da sun ga ƙayar da aka siffanta musu sai su danne ta tun ba ta shiga ba. Ta biyu masu tsaron cikin gari, ba su hana shiga, amma su kan bi ɗaki ɗaki su rushe inda ɓarawo ya ɓuya, kuma suna da dogon tunani.

Masu tsaron ƙofa suna da rauni biyu. Na ɗaya, yawansu kan ragu bayan wata huɗu zuwa shida, kamar yadda a kan sallami mayaƙa in an ga lafiya. Na biyu, rawani su ka fi lura da shi. Da Omikiron ya zo da sabon rawani, sai ya wuce ta gabansu. Ga shi kuma a damtse a ke yin allura, ita kuwa cuta ta hanci da maƙogwaro ta ke shiga, inda tsaro ba shi da kauri. Amma masu tsaron cikin gari ba rawani kaɗai su ke dubawa ba, sun san tafiyarsa da muryarsa, waɗanda bai iya sauyawa duka. Shi ya sa mutum kan kamu, ya yi mura da zazzaɓi na 'yan kwanaki, amma cutar ba ta cika samun sukunin gangarawa huhu ta shaƙe shi ba.

Likitocin Ingila sun auna wannan a farkon 2022. Suka ga wanda aka yi wa AstraZeneca biyu, in an wuce wata biyar, kusan ba sauran kariya gare shi daga kamuwa da Omikiron. In aka ƙara masa ta uku, kariyar kan tashi zuwa wajen kashi 60 cikin 100, ta kuma sake raguwa da sannu. Amma kariya daga kwanciya a asibiti, bayan ta uku, ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Watau allura ta gaza a ƙofa, ta yi aiki a cikin gari. Lifidi bai taɓa hana kibiya zuwa ba, abin da a ke nema gare shi kada ta kai zuci.

SARAKUNA MA SUN KAMU

Wannan abu bai tsaya kan talaka ba. Shugaban Afirka ta Kudu, Cyril Ramaphosa, an yi masa allura cikin Fabrairu na 2021. Ya zo ziyara Nijeriya da Kwaddibuwa da Gana da Sinigal, ya koma gida, ran 12 ga Disamba aka auna shi aka sami cutar. Ya killace kansa, ya warke, ya koma aiki. Sarauniyar Ingila ta lokacin, Elizabeth, ta kamu cikin Fabrairu na 2022 tana da shekara 95, ta yi 'yar mura ta tashi. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya kamu cikin Yuli na 2022 yana da shekara 79, bayan allura huɗu, shi ma ya tashi.

Amma gaskiya ba ta cika sai an faɗi ɗaya ɓangaren. Janar Colin Powell na Amurka an yi masa allura cikakkiya, duk da haka cutar ta yi ajalinsa cikin Oktoba na 2021. Shekararsa 84, yana kuma fama da sankarar ɓargo, wadda ke karya rundunar jiki tun daga tushe. Manzo ya kawo labari, amma garin ba mayaƙa. Irin waɗannan bayin Allah, tsofaffi da masu ciwon sukari da na ƙoda da sankara, kariyarsu tana hannun na kusa da su.

HISABI DON 'YAN KASUWA

Cikin Yuli na 2021, a wani gari na bakin teku a jihar Masacusat ta Amurka, an yi taron biki, mutum 469 suka kamu da cutar, galibi irin Delta. Da aka duba, 346 daga cikinsu masu allura ne. Labari ya zaga duniya, aka ce ga shi nan, masu allura sun fi kamuwa. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, yawancin mutanen jihar an riga an yi musu allura, kuma cikin 469 ɗin nan biyar kaɗai aka kwantar a asibiti, babu kuma wanda ya rasu har lokacin da aka ba da rahoton.

Ga misali, a yi lissafi a kan allo. A ƙaddara gari mai mutum 1,000. An yi wa 900 allura, 100 sun ƙi. Cuta ta zo, ta kwantar da ɗaya cikin ko wane ɗari na masu allura, watau mutum 9. Ta kwantar da goma cikin ɗari na marasa allura, watau mutum 10. Wanda ya leƙa asibiti zai ga gado 19, kusan rabi masu kati ne, ya fito yana cewa duk ɗaya ne. Alhali kuwa hatsarin wanda ya ƙi ya ninka na wanda ya yarda har sau goma. Ɗan kasuwar da ya ƙidaya goron da ya ruɓe bai ƙidaya huhun da aka kwance ba, bai san ribarsa ba, bai san hasararsa ba.

SABABI DA ƘADDARA

Wasu suka ce, tun da mai allura ya kamu, mara allura ya kamu, ai sai a zauna a jira ƙaddara. Malamai sun san an riga an warware wannan tun zamanin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Sayyidina Umar yana kan hanya ya ji labarin annoba, ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, sai Halifa ya nuna masa da misalin makiyayi mai zaɓe tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefe busasshe, ko wanne ya zaɓa cikin ƙaddara ya ke. Riƙon sababi bai taɓa zama lamuni ba. Manomi kan yi shuka fari ya zo, bai kuwa hana shi shuka baɗi. Mai kanti kan sa kwaɗo a fasa, bai kuwa kwana da ƙofa buɗe.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan Korona. Mamatan da aka rubuta a duniya sun kai wajen miliyan bakwai. Masana a Landan sun ƙiyasta cewa a shekarar farko kaɗai allura ta zama sanadin tsirar mutum fiye da miliyan 14. Cutar ba ta ƙare ba, jikokin Omikiron ne ke yawo, shi ya sa a ke sabunta allurar lokaci lokaci kamar ta mura, a ke kuma ba tsofaffi da masu doguwar jinya shawarar maimaitawa.

Sai mu riƙe abu uku. Na ɗaya, kati ba ya hana mutum ɗaukar cuta ya kai wa wani. Wanda ya ji zazzaɓi da tari, ko an yi masa allura goma, ya rage cuɗanya, ya rufe hanci da baki, kada ya je gaishe da tsoho a ɗaki rufaffe. Na biyu, masu kira zuwa ga allura su faɗi gaskiya tun farko, su ce ga abin da ta ke iyawa, ga inda ta gaza. Alkawarin da ya wuce kima shi ke haifar da zargi, jama'ar da kuwa ta tuna gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano tana da dalilin neman bayani.

Na uku shi ne mafi girma. Kada haushin Korona ya shafi allurar yara. Ƙwayar ƙyanda ba ta sauya rawani kamar wannan, allura biyu kan kare kimanin yara 97 cikin 100. Shan inna na daji, an tabbatar da ƙarewarsa a Afirka cikin Agusta na 2020, bayan wahalar da aka sha tun 2003. A shekarar 2023 kuwa mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi jin jiki, yawancin yaran da ya kama ba a cika musu allura ba. Wannan cuta ce wadda aka san rigakafinta tun kakanni. Malami a zaurensa, da attajiri a rumfarsa, maganarsu ta fi ta rediyo shiga kunne. In aka sake kawo muku wannan mas'ala, ku amsa ta da ilmi da lissafi. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Allah Ya kiyashe mu da annoba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Haza wassalam.