Iskar Oksijin Ba Ta Kashe Yaro

Tun shigowar hunturu wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp, ya shiga zauren danginmu, ya shiga na 'yan unguwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya koyi aikin lafiya ba, amma yana ba da fatawa a kan limoniya da cikakken ƙarfin hali.

Ya ce ruwan sanyi da fanka ke kawo ta. Ba haka ba ne, ƙwayoyin cuta ke kawo ta, hayaƙin itacen girki da yunwa kuma su share mata hanya. Ya ce tafarnuwa da zuma sun isa magani. Zuma kan lafar da tari, amma ba ta kashe ƙwayar cutar da ke cikin huhu, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Ya ce duk ciwon ƙirjin manya sanyi ne. Dattijon da ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya yi sauri, ya saki in ya huta, jijiyoyin zuciyarsa ya kamata a duba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙarshen saƙon, inda ya ce kada uwa ta yarda a sanya wa ɗanta oksijin, wai duk wanda aka sanya wa ba ya tashi. Wannan magana tana iya kashe yaro.

Na san inda tsoron ya samo asali, kuma ba na ganin laifin iyaye. Wadda ta ga an maƙala wa ɗan maƙwabciyarta robar hanci da daddare, da safe aka fito da gawa, dole abin ya zauna mata a zuciya. Sai dai a duba wa ake sanya wa: yaron da ya fi kowa galabaita, wanda sau da yawa ya kwana huɗu ko biyar a gida ana jiƙe-jiƙe. Ganin motar kashe gobara a ƙofar gidan da ya ƙone ba ya nufin ita ta kunna wutar.

Limoniya kan cika ƙananan aljihunan huhu da ruwa da mugunya, sai iska ta kasa ratsawa cikin jini. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ce kawai oksijin, huhun da ya cushe kuwa ba ta isar sa. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin da ke cikin jini. Ga mai lafiya takan nuna 95 zuwa sama, in ta sauka ƙasa da 90 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro oksijin. Oksijin ce ke riƙe shi kafin maganin kashe ƙwayar cuta ya kama aiki. Gaskiya ne cewa in ta yi yawa tana iya taɓa idon bakwaini, shi ya sa ma'aikata ke auna ta. Wannan dalili ne na sa ido, bai zama hujjar cire roba a gudu gida ba.

A shekarar 2018, ƙiyasin UNICEF ya nuna limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan 162,000 a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. A irin wannan ƙasa wani ya zauna yana tsorata iyaye da abin da ke ceton rai.

Uwa, ki ƙirga numfashin ɗanki na minti ɗaya yana kwance a natse. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. In aka je asibiti da wuri, galibi Amoxicillin na 'yan kwanaki ya wadatar, ba a ma kai ga oksijin. In kuwa ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono, ko ya fara jijjiga, kada a jira gari ya waye. Wanda kuma saƙon nan ya zo wayarsa, don Allah ya tsaya a kansa, kada ya tura wa kowa.