Sarƙar Tsohon Babur: Minti Goma Kafin Ka Ɗauki Hanyar Maigatari

Duk ranar Alhamis, idan ka tsaya a Gagarawa Tasha da sassafe, za ka ga babura na bin juna sun nufi kasuwar Maigatari, wani da buhun riɗi, wani da awaki biyu a ɗaure. Da yawansu tsofaffin Jincheng ne da aka gada daga baba ko yaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tsada, sabon babur ya fi ƙarfin matashi. Kenan ɗan'uwa, wanda ke hannunka shi za ka lallaɓa.

Mu matasa inji muke kula wa, mu manta da sarƙa, wadda makanikai ke cewa cen. Alhali idan ta zame ko ta tsinke kana cikin gudu, tana iya ƙulle ƙafar baya nan take. Da kaya a bayanka, ka san sauran.

Babban abokin gabarta a yankinmu shi ne yashi. Idan ka zuba mata baƙin mai ba tare da ka wanke ta ba, yashin da man za su haɗu su riƙa cin ƙarfen kamar dutsen niƙa. Don haka fara wankewa da kananzir da tsohon buroshi, ka goge, sannan ka ɗiɗɗiga man giya kaɗan. Kar ka yi wannan aiki inji na kunne, yatsa ba ya tsirowa fa! Murfin sarƙar nan da wasu ke cirewa don gayu, mayar da shi.

Sai maganar ɗauri. Ɗora babur a jak ɗin tsakiya, ka tura sarƙar sama da ƙasa daga tsakiyarta. Wasan santimita 2 zuwa 3 ake so. Wasu gani suke tsauri shi ne lafiya, a'a. Idan ka ɗora kaya ƙara tsauri take yi, sai ta cinye boris da haƙoran da take hawa. In za ka ja, sassauta babban notin ƙafar, ka juya ƙananan notinan dama da hagu daidai wa daida, don kada tayar ta karkace. Ka ɗaure, sannan ka sake gwada birkin baya, domin jan ƙafa na canza saitinsa.

Duba haƙoran kuma. Idan sun yi tsini ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya, canza su gaba da baya tare da sarƙar. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora asarar kuɗi ce kawai.

Duk wannan minti goma ne ranar Laraba da yamma. Ya fi maka tura babur da buhu cikin rana tsakanin Gumel da Maigatari, balle kwanciya a asibiti. Allah Ya kiyaye hanya.