Zabibi, Tsakanin Nabizi da Hamru

Zabibin da mai tireda a Trikania ta Kaduna yake ƙullawa a leda tare da dabino, wanda ba kome ba ne illa inabin da aka shanya har ruwansa ya ragu, zaƙinsa ya taru, irinsa ne asalin wata jar giya mai tsada da ake kira Amarone a ƙasar Italiya. A Valpolicella, kusa da birnin Verona, manoma sukan tsinke inabi irin Corvina da kaka, su shimfiɗa shi a ɗakuna masu iska wajen wata 3 zuwa 4, sa'an nan su matse, su bar shi ya tsimu har sukarinsa ya rikiɗe, ƙarfin mayensa ya kai kashi 14 cikin 100 ko fiye.

A kan tsimuwar nan ce shari'ar Musulunci ta ja iyaka. Jiƙa zabibi a ruwa, wato nabizi, halal ne muddin bai kai ga sa maye ba, gama ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) shi, yana sha, ba ya bari ya wuce kwana 3. Da zarar ya tsimu kuwa ya zama hamru, wato giya, kaɗan da mai yawa haramun ne. Littafin Risala ya kuma hana haɗa iri biyu, kamar dabino da zabibi, a jiƙo ɗaya.

Saboda haka, don kada ya tsimu, mai jiƙawa a zafin Kaduna ya jiƙa da dare, ya shanye da safe.